Ƙararrawa Ba Ta Faɗin Suna

Litinin, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Likita ya ce hannun dama zai zauna a jikinsa, amma yatsun ba za su ƙara lanƙwasuwa kamar da ba. An ɗaure muƙamuƙinsa da waya. Ƙanena Andrawus ba zai yi magana ba sai bayan Kirsimeti, shi da ba ya iya gama tuwo bai tayar da gardama ba.

Shekarun da na yi a teburin gyaran labarai a Kaduna sun bar mini ɗabi'a guda: in abu ya fi ƙarfina sai na tambaye shi tambayoyin aiki. Me ya faru? An daka hannun mutum da ƙarfen tayar da inji. A ina? Bakin injin niƙa, nan Mayo Bani. Yaushe? Asabar, rana tsaka, mata na kan layi da masara. Wa ya yi? Zan dawo kan wannan.

Litinin, bayan la'asar

Bari na rubuta yadda abin yake kafin ya lalace, don nan gaba kowa zai faɗe shi yadda ya ga dama.

Ƙararrawa shiri ne na kwamfuta da Andrawus ya rubuta wa kwamitin sulhu na manoma da makiyaya. Wanda ya ga shanu sun doshi gonar da ba a girbe ba, ko an toshe burtali, ko an sari saniya, sai ya aika tes zuwa lamba guda. Tsohuwar kwamfuta a ɗakin Andrawus ta karɓa, ta tura wa masu unguwa da Hausa, ta tura wa ardo-ardo da Fulatanci. Alkawarinta ɗaya ne: ba ta faɗin wanda ya aiko. Damina biyu aka yi ba a binne kowa saboda gona ba.

Zacharia, maƙwabcinmu, ya aika cewa samarin garinmu ne suka sassare agarar shanun Ardo Gabdo. Bayan 'yan kwanaki kowa ya san shi ne. Ranar Alhamis aka tsamo gawarsa daga mayo, kogin garinmu. Ranar Asabar aka zo wa Andrawus da tambaya: su wane ne sauran masu aikawa? Bai faɗa ba. Ina wurin.

Talata, 19 ga Nuwamba, da rana

Na je gaisuwa gidan Zacharia. Maman Divine, matarsa, tana zaune a ƙasa ba ta kuka, tana tsince tsakuwa daga shinkafar da babu mai dafawa. Ta ce ba su bar ta ta ga fuskarsa ba. A kusurwar rumfa akwai ƙwarya da sabon faifai mai ado, man shanu a ciki ya narke ya sake daskarewa, ba a taɓa ba. Idona ya tsaya a kai don ba na son kallon matar.

A hanyar dawowa na haɗu da Nicholas, ɗan ƙanen babanmu. Ni na goya shi.

"Adda Dorcas, yaya mai jiki? Ka gaishe shi." Haka yake magana, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa, kuma ba zan gyara masa ba a nan. "Kwamfutan nan nasa yana ina? Kar ɓarayi su ɗauka."

Na ce 'yan sanda sun tafi da ita. Ya ce to, Allah ya kyauta. Ya ba ni lemu na kai asibiti.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da yamma

Mai unguwa Mahmoud ya kira ni gefe bayan zaman kwamiti. An sa ranar sakin gona: Asabar, sha huɗu ga Disamba. Daga ranar shanu za su shiga karan da aka girbe, kamar kowace shekara, kuma kamar kowace shekara akwai masu waken da bai gama bushewa ba.

"'Yata, in ranar ta zo babu Ƙararrawa, za a yi abin da ba a yi ba tun kina goye. In kuma an kunna ta tana faɗin suna, mu muka kashe na gaba. Hayatu fa?"

Hayatu abokin aikin Andrawus ne, shi ya yi ɓangaren Fulatanci. Ya haye iyaka da mahaifiyarsa tun ranar Asabar, wayarsa a kashe.

Na ce zan duba. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya ce zai ɗauki rumbu a ka.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da safe

Na ciro kwamfutar daga buhun wake. Tana warin maganin ƙwari.

Abin da nake nema ƙarami ne a faɗe. Akwai wani yanki na shirin mai suna nemo_suna: a ba shi lambar waya, ya dawo da mai ita. Dole na gano duk inda ake kiransa, na ga ta wace kafa sunan Zacharia ya zurare. Na so na share sunayen gaba ɗaya na huta, sai na ga yadda ya ajiye su: "Zacharia na bayan mayo", "Dorcas gidan tsohon malami". Suna da wuri a haɗe, yadda muke kiran juna. Da wurin ne Ƙararrawa ke sanin mai unguwar da za ta tasa. In na share, ta makance.

Andrawus yana rubuta shirin a wani edita na kwamfuta mai suna Neovim, baƙin allo tsirara, babu mataimaki ko ɗaya. Abin alfaharinsa ne. "Adda, duk yana nan," yakan ce, yana ƙwanƙwasa goshi. To, goshin yana asibiti. Kuma ya laƙaba wa nemo_suna sunaye daban-daban a fayiloli daban-daban, nan ns, can wane, kamar jikan fari da kowace kaka ke kira da nata. Neman kalma ba zai kamo su duka ba. Python kuwa, yaren da aka rubuta shirin da shi, Andrawus ne ya koya mini bayan jaridarmu ta rufe, ina karanta shi yadda nake karanta Fulatanci, da yatsa.

Abin da nake bukata shi ne abin da ya raina: sabar harshe. Ƙaramin shiri ne da ke zama a bayan edita yana karanta aikin da ma'anarsa, ba da haruffa ba. Ka ɗora alama a kan suna, ya kai ka inda aka haife shi. Ka tambaya, ya jero maka duk inda aka kira shi, ko da an canza masa laƙabi. In ka yi kuskure ya ja jan layi a ƙarƙashi. Aikina ne na da, sai dai shi ba ya zuwa cin abinci.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da azahar

Netwok ɗin gida ba ya ɗaukar komai. Na naɗe kwamfutar cikin zane na shiga gari, shagon wayoyin Shafi'u a Sabon Layi. Ya ba ni benci a bayan kanta, bai tambaye ni komai ba, ya ƙara ƙarar rediyo. Saukarwar sabar ta yanke ta sake yankewa, daga ƙarshe ta sauka.

Na rubuta saitin, na buɗe fayil. Edita ya ce bai ga sabar ba. Tana nan, na gan ta da idona.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da yamma

An ƙone rumbunan dawa a gabas da mayo. Ba a ga wanda ya yi ba, amma kowa ya riga ya san wanda zai ce.

Da hantsi samari suka tare Yaji mai babur don ya ɗauko mai tallan nono. Sun fasa masa kai da dutse, sun cinna wa babur wuta. Matar ta faɗa cikin kara ta tsira. Na wuce wurin a keke mai ƙafa uku ina dawowa daga asibiti. Nonon ya malale a kan kwalta ya haɗu da abin da ya fito daga kan Yaji, launin da suka yi tare ban taɓa ganin irinsa ba. Direban ya ce, "Madam, kar ki duba." Na riga na duba. An ce yana da rai.

Matsalar jiya: kwamfuta tana da jerin wuraren da take leƙawa in an ce ta nemo shiri, sabar kuwa ta sauka a wurin da ba ya cikinsu. Na ƙara wurin. Edita ya gan ta.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, bayan coci

Nicholas ya zo gaisuwa.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da safe

Sabar ta tashi, allon ya cika da ja. Kowane layi ja, daga sama har ƙasa. Na rufe murfin na fita tsakar gida na tsaya. Na wanke bokitin da na riga na wanke.

Da na dawo na karanta abin da take cewa, a hankali, kamar sanarwar gwamnati. Ba kuskuren Andrawus ba ne. Shirin yana aro kayan aiki daga wasu shirye-shirye, shi kuma ya tara su a wani ɗan ɗakin ajiya na aikin kaɗai. Sabar tana leƙa babban ɗakin ajiya na kwamfuta, ba ta gan su ba, sai ta ɗauka duk abin da ya ambata ƙarya ne. Na nuna mata ɗakin. Jan ya janye, saura ɗigo nan da can.

Ban je niƙa ba. Na daka a turmi. Kafaɗuna sun manta aikin.

Talata, 26 ga Nuwamba, da la'asar

Asibiti. Yana farke yau. Na ce masa na sa wa editansa sabar harshe. Ya rufe ido kamar na ce na sayar da gonar Baba. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya yi mini alamar rago, yadda yake yi wa masu amfani da ita.

"Ragon ne zai fitar da kai kunya," na ce.

Ya yi dariya ta hanci, ta ja masa ciwo, hawaye suka zubo ta gefe zuwa kunne. Na tambaye shi ko ya san ta inda sunan ya fita. Ya girgiza kai. Na sake tambaya. Ya girgiza, ya juya fuska bango.

Sun buɗe bandejin ina wurin. Hannun ya yi kama da rogon da aka daka ba a gama ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da hantsi

Saura abu ɗaya a saitin. Sabar tana son a faɗa mata saiwar aikin, wato foldar da komai ya faro daga gare ta. Abin da ke ƙarƙashin saiwa tana karantawa, abin da ke waje ba ruwanta. Foldar aikin sunanta kararrawa, a cikinta fayil ɗin shaidar aiki yake, har da wata ƙaramar folda ta saƙonnin Fulatanci. Na ce nan ce saiwa. Babu abin tunani a ciki.

Na ɗora alama a kan nemo_suna na ce ta jero. Ta jero, har da ns da wane da wani laƙabin da ban san da shi ba. Tun ranar Asabar ɗin can, wannan ne karon farko da na tambayi wani abu ya ba ni amsa kai tsaye.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da rana

An tsinci wani yaron ruga a burtali an sare shi a wuya da kafaɗa, sandarsa na hannunsa. Da azahar aka harbi wani manomi da kibiya a cinya yana ɗaure kara. Mata sun daina zuwa mayo su kaɗai. An rataye karen wani a bishiyar bakin kasuwa, ban san saƙon wa ba ne, ban san wa aka aika wa ba.

Ina bin jerin ɗaya bayan ɗaya.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, da safe

Na samu, ina jin. Akwai layin da ke buga sunan mai aikawa a kan allo duk lokacin da saƙo ya shigo. Na gwaji ne, ya manta bai cire ba. Ɗakin Andrawus kuwa kullum cike yake da samari masu cajin waya a solarsa. Ido ɗaya ya isa.

Na cire layin. Na raba suna da wuri, yadda shirin zai ɗauki wurin kawai. Na sake tambayar sabar: ina kuma ake kiran nemo_suna? Ta ce babu. Na sa lambata a matsayin mai unguwa, na sa ta a matsayin ardo, na aika gwaji. Duka biyun sun zo babu suna.

A jarida ba ma buga zargi da majiya ɗaya. Yau ina da sabar, ina da gwaji. Na ƙirga su biyu.

Lahadi, 1 ga Disamba, bayan coci

Nicholas ya zo gaisuwa. Ya zauna a kan buhun wake. Ya ce waken bana ya yi kyau.

Litinin, 2 ga Disamba, da yamma

Na kunna ta, a cikin ɗakina, ƙarƙashin gado, waya ta bi ta taga zuwa sola. Mai unguwa ya sanar a masallaci, fasto ya ce zai sanar. Babu wanda ya aiko komai.

Laraba, 4 ga Disamba, da rana

Babu komai. Ba don babu abin faɗa ba. Jiya an sassare wasu shanu a bakin ruwa, kukansu har nan. Saniyar da aka sare wa agara ba ta faɗuwa nan take, tana ta ƙoƙarin tsayawa a kan abin da babu.

Alhamis, 5 ga Disamba, da hantsi

Garin masara ya ƙare, kafaɗata ta ƙi turmi. Na je niƙa.

An zuba yashi a wurin. Ƙarfen tayar da injin yana rataye a ƙusarsa, an wanke shi. Na tsaya a layi ina kallon ƙafafuna. A bayan injin, ƙarƙashin tamfol, iska ta ɗaga gefe: jarkoki, da ƙotocin adduna a ɗaure kamar itacen girki. Warin fetur ya fi warin gari, injin kuwa da gas yake aiki. Samari biyu na zaune a kai suna cin rake. Ɗaya ya ce wa ɗaya, da yarenmu, ba da Hausa ba, "Kafin su sako su, mu mu sake musu." Sun ambaci rugar Ardo Gabdo. Sun ambaci Lahadi mai zuwa.

A rugar nan akwai mata da yara da tsofaffin da ba sa iya gudu.

Juma'a, 6 ga Disamba, da safe

Na aika. Da wayata, da lambata. Jimla biyu, babu sifa ko ɗaya. Na ji kwamfutar ta yi ƙaramin ƙararta a ƙarƙashin gado.

In ban yarda da aikina ba, ban ga dalilin da wani zai yarda ba.

Asabar, 7 ga Disamba, da la'asar

Mai unguwa ya zo da jami'an tsaro injin niƙa da sassafe. Sun kwashe jarkoki da adduna, sun tafi da mai injin, sun fasa wa wani saurayi baki da gindin bindiga a gaban uwarsa. Ardo ya matsar da mata da yara hayin dutse. Samari na yawo gida-gida suna karɓar wayoyin mutane suna dubawa. Na share nawa tun jiya.

Nicholas bai zo gaisuwa ba.

Talata, 10 ga Disamba, da rana, asibiti

Hannun hagu aka karya mini, don haka ina iya rubutu. Zan bi shi a jere.

Ranar Lahadi, an taso daga coci, layinmu cike da mutane, sai ga Dada Hapsatu, uwargidan Ardo Gabdo, ta doso ƙofarmu da babbar ƙwarya a ka. Tsohuwa ce doguwa, ta ratso garin da ake sarar mutanenta ba ta ko waiga ba. Ta yi sallama, ta sauke, ta ciro ƙaramar ƙwarya daga cikin babbar. Sabon faifai mai ado. Tun kafin ta buɗe na san abin da ke ciki, na kuma san inda na taɓa ganin irinsa: rumfar makokin Zacharia.

"Jam na, 'yata. Ardo ya ce a gaishe ki. Useko, mun gode. Jikokina suna da rai."

Na ja ta ciki na rufe ƙofa. Na ce, "Dada, wa ya ce muku ni ce?"

Ta yi mamakin tambayar. "Ai da suna yake zuwa. Ardo ba ya tada shanu da maganar marar fuska, tun farko ya faɗa wa Hayatu. Wanda ya yi maka alheri kuma ba ka kwana ba ka taka ƙofarsa ba. Haka muka kai wa wancan bawan Allah."

Ta tsaya. Na ga maganar ta koma mata ciki. Ta zauna a ƙasa, ta dafe kai, ta ce, "Mu muka nuna shi."

A waje surutun 'yan coci ya ɗauke.

Na jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado. Na fita daga foldar kararrawa na hau mataki ɗaya sama, abin da ban taɓa yi ba. Ga ta nan a gefe, kafaɗa da kafaɗa, wata folda mai suna hayatu. Ba a ƙarƙashin saiwar da na nuna take ba. Sabar ba ta yi mini ƙarya ba: na tambaye ta abin da ke cikin gida, ta faɗa mini abin da ke cikin gida. Gwajina kuwa tsohuwar hanyar Andrawus ya bi, ardo-ardon gaske daga foldar Hayatu suke samun nasu. Majiyoyina biyu ashe ɗaki ɗaya suka kwana.

Na mayar da saiwa sama, na sake tayar da sabar. Tana karanta fayiloli, ɗan ƙaramin haske na juyawa a ƙasan allo, dutsen farko ya sauka a kan kwano. Na biyu ya fasa gilashin taga, ya zubo a kan gado. Dada Hapsatu ta tashi ta jingina bayanta da ƙofa. Na tambaya: ina ake kiran nemo_suna? Amsa ɗaya. Layi ɗaya a ƙarshen saƙon Fulatanci, Hayatu har ya rubuta a gefensa, "don Baba Ardo". Na share. Jan layi ya fito a ƙasa, inda wani abu ke jiran sunan. Na gyara shi ma. Jan ya tafi. Na sake tambaya daga sabuwar saiwa: babu. Na ajiye gyaran.

Ana dukan ƙofar gida da wani abu mai nauyi. Na naɗe kwamfutar a zane na sa a babbar ƙwarya, Dada ta rufe da faifai ta ɗora a ka. Na ɗaga mata zanan baya ta shiga cikin kara. Na ce ta kai wa mai unguwa Mahmoud. Ta ce, "Ke fa?" Na ce in ba su same ni ba za su bi sawu.

Na buɗe ƙofar da kaina don kada su karya, Baba ne ya sa ta.

Wa ya yi? Nicholas. Shi ne ranar Asabar ɗin can a bakin inji, wasu biyu sun danne Andrawus a kan dutse, shi yana ɗagawa yana saukewa, yana tambaya, yana kuka. Shi ne ranar Lahadi, da ƙarfen nan dai. Ya ce, "Adda, ka sa ni. Kai ka sa ni." Na ɗaga hannu na kare kaina, na ji ƙashin ya yi ƙarar karan dawa. Na biyun ya sauka a gira. Wani ya shure ni a ciki. Wani ya ɗauki ƙwaryar man shanu ya fasa a bango. Abin da ya tsayar da su uwar Nicholas ce, ta zo da kayan cocinta ta kwanta a kaina, ta ce ya fara da nonon da ya sha.

Shekaru ina gyara labaran mutane, sunana bai taɓa fita a ƙarƙashin ko ɗaya ba. Wannan ya fita. Na gode Allah da nawa ne ba na wani ba.

Laraba, 11 ga Disamba, da yamma

An ce Nicholas ya gudu. An ce an kama shi a hanyar Michika. Ban tambaya ba.

Alhamis, 12 ga Disamba, da hantsi

Ardo Gabdo ya zo da mai unguwa. Ya tsaya tsakanin gadona da ƙofa, bai zauna ba, bai kawo komai ba, ya ce ya hana a kawo. Na faɗa masa daga yau saƙo zai zo masa babu suna, kuma ba zan mayar ba ko kwamiti ya ce.

"Baba Ardo, ko ka ji maganar marar fuska, ko kada ka ji komai."

Ya daɗe yana kallon bandejina. Ya ce shi tun da ya tashi bai taɓa juya garke don iska ta yi magana ba, ƙarya ma ba ta da fuska. Na ce haka ne. Ya ce zai yi tunani. Ya fita.

Juma'a, 13 ga Disamba, da la'asar, Lamorde

An sallame mu tare, muna gidan Goggo. Mai unguwa ya aiko da kwamfutar a cikin kwalin taliya. Ni da Andrawus hannu biyu ne tsakaninmu, nawa na dama, nasa na hagu.

Ya karanta abin da na yi, layi-layi. Ya daɗe a kan foldar Hayatu. Sannan ya jawo allon ya fara bugawa da yatsa ɗaya. Ya buga haruffa uku, sabar ta miƙo masa sauran kalmar. Ya tsaya. Ya danna ya karɓa. Ya sake buga uku, ta sake miƙowa. Da haka ya gama gyaran da da hannu ɗaya zai kai shi yamma.

Ya buɗe sabon layi ya rubuta mini: ba laifi.

Na ce, "Rago."

Asabar, 14 ga Disamba, da hantsi

Sakin gona. Goggo ta kashe rediyo ta ce ba ta son ji. Mun ajiye kwamfutar a kan tabarma muna kallonta kamar tukunyar da aka hana buɗewa.

Ta yi ƙara.

"Shanu sun doshi waken bayan mayo, ba a cire ba. Akwai samari a cikin kwari da adduna suna jira."

Ta tura wa mai unguwa, ta tura wa Ardo. Na duba abin da ya fita ta kowace hanya, Andrawus ya duba bayana. Babu suna.

Asabar, da azahar

Mai unguwa ya bugo. Ardo ya juya garken ta burtalin arewa tun kafin su kai kwari. Samarin sun gaji da zama sun watse.

Ya ce, "'Yata, wa ya aiko ne? Mutum ya kamata a gode masa."

Na ce ban sani ba, Baba. Andrawus ya miƙo hannun hagu ya rufe murfin.